Titi ɗaya tilo: yadda kaya ke shiga da fita a Gusau, Tsafe da Bungudu

A watan Satumba na 2016 jirgin ƙasa ya tashi daga tashar Gusau da shanu 500 cikin taragu 15, ya nufi mayankar Oko-Oba a Legas. Hukumar NIRSAL, wadda Babban Bankin Najeriya ya kafa don ƙarfafa ba manoma bashi, ita ce ta tsaya a kan shirin. Shanun da sai tirela fiye da goma za su kwashe, kan jirgi ɗaya ya ja su, ba shinge, ba ramin titi, ba saniyar da 'yar'uwarta ta danne a kwana. An yi murna, an sa rai haka za a riƙa yi. Abin bai ɗore ba. Yau duk san da ya bar kara a Zamfara zuwa kudu a bayan mota yake tafiya, kamar yadda buhun masara ke sauka, jarkar manja da kwalin magani ke hawowa.

Zamfara ba ta da teku, ba ta ma da kogin da jirgin kaya zai bi. Daga Gusau zuwa tashar Apapa tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Duk da haka kasuwar Gusau ba ta rabuwa da bakin teku ko da yini ɗaya. Alkamar da aka yi fulawar burodin da ake ci a Tudun Wada ta jirgin ruwa ta shigo ƙasar nan. Haka babur ɗin ɗan kabu-kabu, da injin ban-ruwan mai lambu, da maganin feshi, da wayar hannu, da wasu daga cikin sinadaran da ake haɗa takin zamani da su. Waken suya da masara da wake da dabbobin da jihar ke fitarwa kuwa, da yawa daga manyan masu sayensu suna Ibadan da Legas da Onitsha da Fatakwal: masu haɗa abincin kaji, masu tatsar mai, mahauta. Nisan nan ba yau ya fara ba, da shi Gusau ta bunƙasa. Abin da ya sauya shi ne hanyoyin ɗaukar kaya uku da garin ya taɓa mallaka yanzu sun koma ɗaya, kuma ita ɗayar tana cikin mawuyacin hali.

Gusau tsohon gari ne, Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa shi a farkon ƙarni na 19, zamanin jihadi. Amma dogo ne ya mai da shi cibiyar ciniki. Layin jirgi ya isa Kano a 1911. Daga baya Turawan mulki suka fitar da reshe daga Zariya, ya bi ta Funtua, ya ratsa ƙasar Tsafe, ya shiga Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda a 1929. Ba don jin daɗin talaka aka shimfiɗa shi ba, auduga da gyaɗa da fata ake son kaiwa Legas a loda wa jiragen Ingila. Sai dai wani abu ya yi wa Gusau rana: dogon bai ƙarasa Sakkwato ba. Don haka lardin Sakkwato, duk faɗinsa, sai ya kawo kayansa Gusau ko Ƙaura kafin su hau jirgi. Ayarin jakuna da raƙuma, daga baya manyan motoci, suka riƙa kwararowa. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga, kamfanoni irin su UAC da John Holt suka buɗe kantuna da ɗakunan ajiya, Kwarori da Yarbawa da Ibo suka zo suka zauna, Sabon Gari ya cika. A shekarun 1960 aka kafa masaƙar Zamfara, ga kuma kamfanin tatsar man gyaɗa.

A nan akwai abin da nake ganin ba a cika lura da shi ba. A harkar dako, garin da ke amfana shi ne inda kaya ke sauya abin hawa. Inda za a sauke, a auna, a tace, a sake buhu, a ajiye, a sake lodi, a nan kuɗi ke tsayawa, domin ɗan dako da mai awo da mai sito da dillali da bakanike da mai tuwo da mai masauki duk za su samu rabonsu. Garin da mota ke ratsawa kawai ta wuce, ƙura da lalacewar titi ne nasa. Shekara da shekaru Gusau tana cikin kashin farko. Tun da dogo ya kwanta, motar da ta yi lodi a Sakkwato ko Illela ba ta da dalilin tsayawa a Gusau sai na sallah da shan mai.

Kwanciyar dogon a hankali ta zo. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya noman da ke cika taragu. A 1986 aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, waɗanda su ne manyan masu ba jirgi lodi. Hukumar jiragen ƙasa ita ma ta durƙushe, ba sababbin kawunan jirgi, ba gyaran layi, masaƙu kuma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Ga wata matsalar da ke gaba: layin Gusau tsohon awo ne, milimita 1,067 tsakanin ƙarfe da ƙarfe, sababbin layukan da ake ginawa kuwa milimita 1,435 ne. Jirgin wannan ba ya hawa wancan. Layin Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan na 2021, da na Kaduna zuwa Kano da ake kan aikinsa, da na Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya da aka aza harsashinsa a 2021, babu ɗaya da ya taka ƙasar Zamfara.

Hanya ta biyu a ƙarƙashin ƙasa take, shi ya sa mutane da yawa suka manta da ita. Bayan buɗe matatar mai ta Kaduna a 1980, bututu ne ke kawo mai ta Zariya zuwa daffon kamfanin mai na ƙasa da ke Gusau, tankoki su yi lodi a nan su rarraba zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi da garuruwan da ke tsakani. Da matatar ta daina aiki, ga fasa bututu, sai ya zama daga Legas ko Warri ko Fatakwal tanka za ta taso da lita 33,000 ko 45,000, ta yi kwanaki a hanya. Da can akwai asusun daidaita farashi da ke biyan wannan dogon dako don lita ta zama kusan kuɗi ɗaya a ko'ina. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, nisa ya fito fili a jikin famfo, wanda ya fi nisa da teku shi ya fi biya. Matatar Dangote da ta fara fitar da fetur a 2024 ta rage dogaro da man waje, amma a Lekki take, kuma a kan taya man nata zai iso Zamfara.

Tukunyar da ke zaune a kan duwatsun murhu uku, an zare biyu. Abin da ya rage shi ne titin da ya taso daga Zariya ya bi Funtua da Sheme da 'Yankara, ya shiga Zamfara ta ƙasar Tsafe, ya gifta gindin dutsen Kwatarkwashi, ya ratsa Gusau, ya fita ta Bungudu da Maru da Talata Mafara har Sakkwato. Tsafe ce ƙofar gabas, Bungudu ta yamma, ƙaramar hukumar Bungudu ma ta kusa rungume babban birnin, tunda Kwatarkwashi a cikinta take. A kan wannan titi simintin BUA na Kalambaina ke bi zuwa gabas, da albasar Sakkwato da Kebbi, da shanu da tumaki, da tankokin mai masu hawowa, da motocin fasinja, da ɗaliban jami'ar tarayya ta Gusau, da marar lafiyar da aka tura asibitin koyarwa na Shika. Idan tirela ɗaya ta faɗi ta gitta, duk waɗannan sun tsaya.

Bayan Funtua ma ba a huta ba. Hanya mafi kusa zuwa Legas ita ce ta Birnin Gwari, a faɗa Tegina, a miƙe Mokwa, a haye Kwara a gadar Jebba, sai Ilorin da Ogbomosho da Ibadan. Shekaru da dama direbobi suka ƙaurace mata saboda 'yan bindiga, suna zagayawa ta Kaduna da Suleja da Bida, ko ta Abuja da Lokoja, kowane zagaye kuwa ƙarin mai ne da ƙarin kwana. A ƙarshen Mayun 2025 ambaliyar Mokwa ta karya gada a kan wannan hanya, motoci suka yi cirko-cirko ta kowane ɓangare. Mutumin Tsafe da bai taɓa zuwa Mokwa ba, gadar nan ta shafi farashin buhunsa.

Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar hatsi ranar lodi, a Tsafe ko Mada ko Nahuce, ya san yadda abin ke gudana. Tun hantsi a-kori-kura da kanta da amalanken shanu ke shigo da buhuna daga ƙauyuka. Dillali zai soka ƙarfe a cikin buhu, ya zubo 'yan ƙwayoyi a tafin hannu, ya tauna ɗaya ya ji ko ta bushe. In ciniki ya faɗa, masu ɗinki su ɗauko basilla su rufe bakin buhu, a rubuta alamar mai kaya a jikinsa. Sai a jingina katako a bayan tirela, 'yan dako su riƙa hawa a guje, kowa da buhu mai kilo 100 a wuya, ɗan kamasho na gefe yana ƙirga. Buhu 300 shi ne tan 30, lodin tirela ke nan a ƙa'ida. Ba kowane ɗan kasuwa ke iya cika mota shi kaɗai ba, sau da yawa mutum biyar ko shida ke haɗa lodi, kowa ya biya bisa adadin buhunansa. Yaran mota su ja tamfol, su ɗaure igiya. Amma kafin direba ya murza makulli, sai ya kira wani ɗan'uwansa da ya riga shi tashi.

"Maigida, yaya hanya?"

"Lafiya lau muka wuce. Amma in la'asar ta yi maka a nan, ka kwana kawai."

Wannan 'yar gajeruwar waya tana cikin lissafin kuɗin mota, ko da yake ba wanda ke rubuta ta. Babban kaso na kuɗin dizal ne, wanda farashinsa ya ninka fiye da sau biyu a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren. Sai taya da kayan gyara, waɗanda da dala ake shigo da su, suka kuma yi tashin gwauron zabi bayan sakin naira a Yunin 2023. Sai shingaye. Daga Zamfara zuwa Legas direba zai ratsa jihohi da dama, kowace da masu karɓar harajinta, ga na ƙananan hukumomi, ga na ƙungiyoyi, ga waɗanda ba su da rasit sam. Kowane shinge abin da ake bayarwa ba shi da yawa, amma idan aka tara, kuma aka haɗa da lokacin da ya ci, abin ya girma.

Akwai kuma lodin dawowa, wanda wanda ba ya cikin sana'ar bai cika sanin nauyinsa ba. Motar da ta hawo da fulawa ko taki ko lemon kwalba ta riga ta ci kuɗin zuwa, don haka za ta yarda ta sauka da masara a farashi mai sauƙi. In kuwa wayam ta zo, masarar ce za ta biya zuwa da komowa. Duk masana'antar da ta rufe a Gusau ta rage lodin da ke hawowa. Duk mai motar da ya ce wa direbansa kada ya wuce Funtua ya rage motocin da ke neman lodi. Motoci suka yi ƙaranci, kuɗin mota ya hau. Ɗan kasuwa kuwa lissafinsa a fili yake: ya tambayi farashin Ibadan, ya cire kuɗin mota da la'ada da dako da ribarsa, abin da ya saura shi zai taya wa manomi. Ta haka manomin Bungudu ke biyan kuɗin hanya sau biyu, da damina ya sayi taki da tsada, da kaka ya sayar da hatsi da araha.

Rashin tsaro ya ƙwace wa direbobi dare, kuma dare shi ne rabin sana'arsu. Da can mai shanu da mai tumatir da mai albasa da yamma suke tashi, don su ci hanya cikin sanyi. Yanzu sunayen Wanzamai da Kucheri da Magazu sun zama sunayen da matafiyi ke ambata da addu'a a baki, saboda yawan tare hanya da sace mutane. Motar da ta kwana ba ta kawo ko sisi, mai ita kuma zai rama a tafiya ta gaba. Dabba ta rame, kayan gwari su ruɓe. Wani lokaci mutanen ƙauyukan da aka kai wa hari su da kansu ke fitowa su rufe titin, mata da yara a gaba. Ba na ganin laifinsu, sun gane nan ne kaɗai wurin da kukansu ke isa kunnen hukuma da wuri. Amma layin motocin da ke taruwa a irin wannan rana yana nuna yadda jiha guda ta rataya a kan titi guda.

Abin ya fi muni a hanyoyin da ke ciyar da babban titin. Ƙasar Ɗansadau na daga cikin rumbunan hatsin jihar, tazararta da Gusau kimanin kilomita 100 ta Magami, amma an kai matsayin da motoci ke taruwa su jira rakiyar sojoji kafin su tashi, a ƙarshen 2024 har bama-bamai aka dasa a hanyar. A ƙauyuka da dama sai an biya 'yan bindiga kafin a yi girbi, sannan a fara tunanin yadda za a fitar da abin da aka girbe.

Matakan Satumban 2021 sun koya mana abubuwa da yawa a kan wannan. Gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita sayar da fetur, aka kuma katse layukan waya a duk jihar, da nufin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun abinci da mai da bayanai. Niyyar ana iya fahimtarta. Sai dai kasuwar mako ita ce matakin farko na duk wani dako, a nan buhu biyu na wannan da buhu uku na wancan ke haɗuwa su zama lodi. Waya kuma ta zama kayan aiki kamar taya. Da aka ɗauke ta, ba a tura kuɗi, ba a jin farashi, ba a tambayar lafiyar hanya, mutane suka riƙa fita har Funtua da Zariya don kira ɗaya. Watanni kaɗan kafin nan, a Fabrairun 2021, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan. Cikin 'yan kwanaki tumatir da albasa da nama suka yi tsada a Legas, a Arewa kuma kayan gwari suka rasa mai saye. Duka ɓangarorin biyu suka ji a jikinsu.

Ayyukan da ake yi ko ake alkawari suna da yawa, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Mayar da titin Zariya zuwa Sakkwato tagwaye, wanda gwamnatin tarayya ta raba kashi-kashi ta bayar, shi ne mafi kusa da bukatar yau, domin zai rage haɗari da cunkoso. Filin jirgin saman Gusau da gwamnatin Dauda Lawal ta fara ginawa a 2024 zai sauƙaƙa wa alhazai da masu zuba jari da duk wanda ke tsoron titi, kuma jiha na bukatarsa. Amma masara da waken suya ba sa hawa jirgin sama. Kayan jirgin sama marar nauyi ne mai tsada, kuma a Zamfara abin da ya fi dacewa da wannan siffa zinari ne, wanda aka ɗage haramcin haƙarsa a Disambar 2024 bayan fiye da shekara biyar. Wannan kaɗai ya isa dalilin sa ido sosai a kan abin da zai riƙa fita ta filin.

Tashar tsandauri ta Funtua, da aka ƙaddamar a Mayun 2024 bayan ta Kaduna a 2018 da ta Dala a Kano a 2023, ita ce ta fi ba ni sha'awa. Manufarta ɗan kasuwa ya cika kwantena, jami'an kwastam su duba su rufe a nan kusa da gida, ba sai ya je ya yi zaman jira a Apapa ba. Daga Tsafe zuwa Funtua ba nisa, kuma tsohon layin dogon da ya bi ta Funtua shi ne dai wanda ya zo Gusau. Sai dai sauƙin da ake nema a irin wannan tasha daga jirgin ƙasa yake zuwa. Muddin kwantena a bayan tirela zai je Legas, shingayen nan da ramukan nan suna jiran sa.

Abin da ya kamata ya hana shugabannin Zamfara barci shi ne taswirar shekaru goma masu zuwa. Ta gabas, layin Kano zuwa Maraɗi zai janye kayan Katsina da na Nijar. Ta yamma, babban titin Sakkwato zuwa Badagry mai kilomita 1,068, da aka ƙaddamar da aikinsa a Oktoban 2024, zai tashi daga Illela ya bi Kebbi da Neja da Kwara ya sauka bakin teku. Idan ya kammala, albasa da shanun Sakkwato da Kebbi ba su da bukatar biyowa ta Bungudu da Tsafe. Wani zai ce hutu ne ga titinmu. Ta wata fuska haka ne, amma motocin nan masu wucewa su ne ke sa a samu mota cikin sauƙi a Gusau, su ne kuma ke ciyar da masu gidajen mai da kanikawa da masu abinci na bakin hanya. Jihar za ta zauna tsakanin manyan hanyoyi biyu, ba wadda ta taɓa ta.

Shi ya sa nake ganin maganar dogo ta wuce ta tuna baya. Filin da layin ya bi daga Ƙaura zuwa Zariya yana nan, ba sai an biya diyyar sabon fili mai yawa ba, kuma a Zariya ne zai haɗu da sabon layin Kaduna zuwa Kano. Wannan ne ya kamata gwamna da sanatocin jihar uku da 'yan majalisar wakilai su riƙa nema da murya ɗaya, tare da takwarorinsu na Katsina da Sakkwato. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi ma suna da ikon shiga harkar jiragen ƙasa.

Kafin nan, akwai abubuwan da ke hannun jiha da ƙananan hukumomi, waɗanda ba sa bukatar biliyoyi masu yawa. A haɗe harajin kaya ya zama rasit ɗaya da direba zai nuna daga Tsafe har iyakar Sakkwato. A keɓe wa manyan motoci wurin kwana mai katanga da tsaro da ruwa a Tsafe da Gusau, maimakon jerin da suke yi a gefen titi. A tsayar da lokutan sintiri da rakiya da kowa ya sani, don mai kayan gwari ya iya tsara tashinsa. A gina ɗakunan ajiya masu kyau a manyan kasuwannin hatsi, don manomi ya daina sayarwa a ranar da mota ta samu kawai.

Sai maganar awon nauyi, wadda masu motoci ba sa son ji. Injiniyoyin hanya sun daɗe da gano cewa idan nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa kwalta tana ninkawa kusan sau 16. Mai mota na ƙara lodi ne don ya fitar da kuɗin dizal, kuma ina jin uzurinsa, amma ramin da ya bari shi zai karya masa sifirin a tafiya ta gaba. A Maris na 2025 aka hana tankoki masu lita 60,000 hawa titunan ƙasar nan saboda yawan haɗari. Sabon titin Zariya zuwa Sakkwato ma zai bukaci ma'aunin nauyi a Tsafe da Bungudu tun ranar da aka buɗe shi, kuma siminti da mai, da yake su suka fi nauyi kuma kullum suna kan hanya, su ne kayan farko da ya kamata a nema wa tarago.